Kalangun da na ɗauka ya koma gwangwani a FL Studio, ina matsalar take?

Tambaya: Oga, barka da aiki. A Agege nake zaune, ina haɗa kiɗa da FL Studio a laftof ɗin da na saya a Computer Village. Na gaji da gangunan Turawa da suka zo da manhajar, sai na roƙi wani dattijo mai kalangu a unguwarmu ya buga mini, abokina ya ɗauka da wayarsa ya turo mini ta WhatsApp. Na jawo sautin cikin manhaja, ya shiga lafiya lau. Amma in na danna maɓallan sama sai ya yi ƙara kamar gwangwanin madara, in na sauko ƙasa ya yi nauyi kamar ana jan buhu. Da na kai aikin situdiyon wani a Idi-Araba kuma, kiɗan ya buɗe babu kalangun kwata-kwata. Me na yi ba daidai ba?

Amsa: Ƙanena, barka kadai. Ka kwantar da hankalinka, laftof ɗinka lafiyarsa ƙalau, manhajar ma ba ta lalace ba. Gwangwanin nan da ka ji, duk wanda ya taɓa jefa ganga cikin samfula, wato sashen manhaja da ke kunna sautin da aka ɗauka in an danna maɓallin fiyano, ya ji shi a ranar farko, har da ni. Jawo fayil ka sake shi a kan manhaja aikin daƙiƙa biyu ne. Inda gizo ke saƙar shi ne irin abin da ka ba ta, da abin da ka gaya mata game da shi bayan ta karɓa.

Samfula ba ta san kalangu ba, ba ta san goge ba. Abu ɗaya ta iya: ta kunna fayil ɗin da ka ba ta da sauri ko a hankali. In ka taɓa jin rediyo mai kaset lokacin da batir ya yi sanyi, muryar mawaƙi ta yi kauri tana jan jiki, to ka riga ka san yadda take aiki. Kowane maɓallin fiyano da ka matsa zuwa dama, fari ne ko baƙi, yana ƙara gudun fayil da kusan kashi 6 cikin 100. In ka haura maɓalli 12, gudu ya ninka, tsawon bugun ya koma rabi. In ka sauka 12, bugun da bai wuce daƙiƙa ɗaya ba ya miƙe ya zama biyu. Kuma ba muryar fatar kaɗai ke canzawa ba. Amon icen, ƙarar sandar a kan fata, har da amsa-kuwwar ɗakin da aka yi ɗaukar, duk tare suke tafiya. Shi ya sa a sama kunnenka ke jin kamar an matse kalangun ya koma girman gwangwani, a ƙasa kuma kamar an hura shi ya zama duro. Ni a ƙa'idata bugu ɗaya ba ya wuce maɓalli biyu ko uku ta kowane gefe. Daga nan sai a kawo wani bugun ya karɓe shi.

Akwai kuma maɓallin asali, wato wanda in ka danna shi fayil zai fito yadda aka ɗauke shi, ba ƙari ba ragi. Tsarin MIDI da ya fito a 1983, wanda da shi fiyano ke magana da kwamfuta har gobe, ya ba kowane maɓalli lamba daga 0 zuwa 127, C na tsakiya shi ne 60. Duk sautin da ka jefa wa FL Studio a kan 60 ɗin nan take ɗora shi ba tare da ta tambaye ka ba, tana kiransa C5. Ableton Live da Kontakt kuwa C3 suke ce masa. Maɓalli ɗaya ne, suna ne ya bambanta, kuma wannan ya sha rikita yaran da ke kallon bidiyon koyarwa na wata manhajar daban. To in ainihin muryar bugunka kusa da G take, ka bar shi a kan C, duk inda ka rubuta C sai G ta fito, kalangu ya riƙa faɗa da bes kana ta neman dalili. Ka buɗe fiyano a gefe, ka riƙa kunna bugun kana lalube har ka sami maɓallin da suka fi yin kama. Sai ka shiga saitin tashar sautin, inda ake ganin hoton fiyano a ƙasa, ka ɗora linzami a kan wannan maɓallin ka danna ɓangaren dama. Ka gaya mata gidansa ke nan.

Amma gaskiyar magana, ko ka saita wannan daidai, bugu ɗaya ba zai zama kalangu ba. Ran da ka koma wurin dattijon nan, ka bar kallon hannun da ke riƙe da sanda, ka kalli hammatarsa. Yana matse igiyoyin fata ta ɗaure murya ta haura, ya sassauta ta sauko, kuma sau da yawa yana yin haka ne bayan sanda ta riga ta sauka, sautin yana cikin iska. Da wannan lanƙwasar yake kwaikwayon karin harshenmu, sama da ƙasa da faɗuwa, har mutum ya ji an yi masa kirari ba a buɗe baki ba. Maƙwabtanmu Yarbawa ma haka suke sa tasu gangar magana. Samfula ba ta da hammata. Duk abin da hammatar nan ke yi, sai dai kai ka ɗauko mata shi a fayil.

Ga yadda nake yi. Ina roƙon mai kalangu ya tsaya a matsa biyar, daga sake gaba ɗaya zuwa matse iya ƙarfinsa. A kowace matsa ya buga a hankali, ya buga tsaka-tsaki, ya buga da ƙarfi, domin bugu mai ƙarfi ba ƙara kawai ya fi ba, launinsa ma daban ne, akwai wata tsawa da fata ke yi wadda ba za ka samu ta hanyar murɗa ƙarar ƙaramin bugu ba. Kowanne kuma ya maimaita shi sau huɗu, yana barin sautin ya mutu kafin ya sake. Biyar sau uku sau huɗu, fayil 60 ke nan. Sannan a ɗauki masu lanƙwasa: bugu ya matse, bugu ya saki, da sauri da kuma a hankali. A ƙara da wanda yake danne fatar da yatsun hagu. Daga ƙarshe in ce masa, "Baba, yanzu sake jiki ka yi naka." Abin da zai fito a minti biyun nan yakan fi duk sauran daraja, don nan ne gangar ke magana. Kada 60 ɗin ta ba ka tsoro. Daƙiƙa ɗaya ta sauti mai layi ɗaya a kan 48,000 da bit 24, wato ma'aunan ingancin ɗauka, ba ta wuce KB 144 ba, duka 60 ɗin ba su kai MB 9 ba. Injin SP-1200 na kamfanin E-mu da ya fito a 1987, daƙiƙa 10 kacal yake iya riƙewa gaba ɗaya, kuma da shi aka yi faya-fayen da suka zagaya duniya. Mu yanzu wuri ba shi ne matsalarmu ba.

Wasu za su ce maka ka yi amfani da ɗan gargaren lanƙwasa murya da ke hagun fiyano. Yana taimakawa, musamman in ka faɗaɗa shi ya wuce mataki biyun da aka saba saita shi a kai. Sai dai ɗan Kano ko ɗan Sakkwaton da ya tashi da kalangu a kunne zai gane ba hammata ba ce. Ni ina amfani da shi ne don cike giɓi kawai.

Yanzu WhatsApp. In aka danna makirfon nan aka ɗauki saƙon murya, manhajar tana matse shi da tsarin Opus, ta zubar da duk abin da take ganin kunne zai iya haƙura da shi, domin an yi abin ne don magana ta isa da ƙaramin data. Abin da aka zubar ba ya dawowa, ko ka mayar da fayil ɗin WAV, wato tsarin da ba ya matse sauti, daga baya. Wayoyi da yawa kuma suna rage ƙara da kansu da zarar sun ji tsawa, su sake ɗagawa in an yi shiru, sai kan bugun ya dakushe, wutsiyarsa ta cika da shuuu. A ganga kuwa kan bugun nan shi ne rai. In waya kawai gare ka, ba laifi, amma ka sauke manhajar ɗaukar sauti da ke ajiyewa a WAV, ka kashe mata gyaran ƙara na kai-tsaye, ka ajiye wayar kamar kamu ɗaya da rabi daga gangar, sannan ka kwashe fayil ɗin da kebul. In dole sai ta WhatsApp, a tura shi a matsayin takarda, a nan ba ya taɓa shi. In da hali, ƙaramin rikoda irin Zoom H1n, ko makirfo Shure SM57 da sawun kad mai haɗa shi da laftof, sun wadatar. Ka dai tafi da wanda ya san kaya in za ka saya, jabun SM57 ya yi yawa a gari. Ka saita 48,000 ko 44,100, duk ɗaya ne a wannan aikin, amma ka zaɓi bit 24, ka bar bugu mafi ƙarfi ya tsaya wajen -10 a ma'aunin ƙara. In ya taɓa 0 ya yi ja, sautin ya fashe, kuma fasasshen sauti ba ya ɗinkuwa.

Legas tana da nata sharrin guda biyu. Na farko hayaniya. Wata shekara na kwashe yini guda da wani mai kalangu a wani shago, muka ɗauki komai tsaf, na sallame shi ya tafi. Da dare na sa hedifon sai na ji wani huuum a ƙarƙashin kowane bugu. Janaretan maƙwabci ne, wayarsa ta bi ta bayan bangonmu, kunnenmu ya saba da shi har mun daina jin sa. Wutar ƙasar nan tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, gurnaninta yana zama a 50, da 100, da 150, daidai unguwar da kaurin ganga yake, in ka yanke shi ka yanke da naman kalangun. Abin haushin ma, a cikin samfula gurnanin yana bin maɓalli: ka haura ya haura, ka danna uku tare ya zama uku. Haka na sake kiran mutumin na sake biya. Tun daga ranar, kafin kowa ya taɓa ganga sai na ɗauki daƙiƙa 10 na shiru, na ƙure ƙara a hedifon na saurara. Ka kashe fanka, ka zare cajar laftof ya yi aiki da batir, ka rataya barguna ko ka jingina katifa a bango. Kai da ke Agege ka ƙara da lissafin jirgin ƙasa da hon ɗin danfo. In an fara ruwa a kan kwano kuwa, ku sha shayi kawai ku jira.

Na biyu laima. Fatar da ke ɗaure ƙam a hunturun Kano, a nan sai ta saki jiki saboda danshin teku, murya ta sauka. Shi ya sa za ka ga masu kiɗa suna shanya ganga a rana kafin wasa. Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne ka ɗauki komai a zama ɗaya. In ka ɗauki rabi yau rabi jibi, za ka dawo da kalangu biyu da ba sa ga maciji.

Sai yanka, wanda shi ne aikin da ya fi cin rai kuma ba ya tsallakuwa. Ka buɗe dogon fayil ɗin a Edison, wato manhajar yankan sauti, in naka FL ɗin yana da shi, ko a Audacity wadda kyauta ce. Ka zuƙo hoton sautin sosai har ka ga daidai inda layi ya fara tashi, ka yanke dab da nan. Ga dalili: a kiɗa mai gudun 120 a minti, tsakanin ƙananan gidajen da kake jera ganga a kansu kashi 125 ne cikin 1,000 na daƙiƙa. In ka bar shirun kashi 30 a gaban bugu, ya makara da kusan rubu'in gida, kuma kowane fayil da irin tasa makarar. Ido ba zai gani ba, amma mai rawa zai ji kiɗan yana ɗingishi. Kada kuma ka yi zalama ka ci kan bugun. Wutsiya ka bar ta ta mutu da kanta, ka sa mata ɗan lafawa a ƙarshe, in ba haka ba za ka riƙa jin ƙyas duk lokacin da fayil ya ƙare, saboda an datse igiyar sauti ba a kan layin tsakiya ba. Kuma kada ka bi su ɗaya-ɗaya kana danna Normalize. Yin haka yana ɗaga ƙaramin bugu ya yi daidai da babba, ya ɗago hayaniyar ɗaki tare da shi. In za ka ɗaga, ka ɗaga dogon fayil ɗin gaba ɗaya kafin ka fara yanka.

Suna ma aiki ne. Ni haka nake rubutawa: kalangu_m3_k2_04.wav, wato matsa ta uku, ƙarfi na biyu, maimaici na huɗu. Ban da ƙ da ɗ da ɓ a sunan fayil, duk da ƙaunar da nake musu, don wasu manhajojin suna mayar da su shirme su kasa gano fayil ɗin. Wata shida nan gaba za ka gode wa kanka, kuma Kontakt tana iya karanta irin wannan sunan ta jera fayilolin a kan maɓallai da kanta. Ka tara su a folda ɗaya, ka shiga Options, File settings, ka ƙara foldar cikin wuraren da FL ke dubawa, sai ta riƙa bayyana a jerin hagu.

Wajen jerawa, tashar Sampler da ka yi amfani da ita fayil ɗaya take ɗauka, shi ya sa ta yi maka kaɗan. FPC za ka buɗe, wato na'urar jera ganguna da ke cikin FL. Tana da gidaje 16 a kowane shafi, kuma kowane gida yana ɗaukar fayil fiye da ɗaya a jere, kowanne da iyakar ƙarfin bugun da zai tashe shi. Ƙarfin bugu a MIDI daga 1 zuwa 127 yake. Sai ka ce ƙaramin bugu ya amsa daga 1 zuwa 60, na tsakiya 61 zuwa 105, babba 106 zuwa 127. Ka lura da inda na sa iyakar. Duk notin da ka zana da linzami a kan ƙarfi 100 yake sauka, to in ka ba wa babban bugu daga 90, kiɗanka gaba ɗaya zai zama tsawa, sauran 40 ɗin da ka sha wahalar yankawa ba za a taɓa jin su ba. Matsa biyar ɗin su ci gida biyar, masu lanƙwasa su ci nasu.

Maimaici huɗun kuma amfaninsu karɓa-karɓa ne. In fayil ɗaya ya fito sau takwas a jere da sauri, kunne yana jin sa kamar keken ɗinki, don babu ɗan'adam da ke bugu biyu iri ɗaya sak. A FL hanya mai sauƙi ita ce ka jefa huɗun a tashoshi huɗu, ka buɗe tashar Layer, ka mayar da su 'ya'yanta, ka kunna Random, sai ta riƙa zaɓar ɗaya duk bugu. DirectWave cikakkiya tana haɗa duk wannan a wuri ɗaya, maɓalli da ƙarfi da komai, in kunshin da ka saya yana da ita. Wani abin da ake mantawa: fata ɗaya mutumin yake bugawa, sabon bugu yana kashe tsohon. In ka bar su suna hawa kan juna sai ka ji kamar makaɗa uku ne a ɗaki. A saitin tashar akwai Cut da By, ka ba dukkan kalangun lamba ɗaya a gurbin biyu, kowane bugu zai rufe bakin wanda ya gabace shi. Sannan in ka ji sautin yana miƙewa ko yana tsukewa duk lokacin da ka canza gudun kiɗa, ka duba maɓallin Time, ka mayar da shi babu.

Dogon kiɗan da Baba ya sake jiki ya yi, shi Slicex za ka ba. Za ta gano kan kowane bugu ta yayyanka, ta raba a kan maɓallai. Ka bi bayanta ka gyara, don lanƙwasa tana ruɗa ta ta yanka a tsakiyar magana. Ni nakan bar jimla guda cur a maɓalli ɗaya. Da ka san za ka yi haka, ka sa masa ɗan kiɗan ƙwarya a hedifon lokacin ɗauka don gudun ya tsaya. Ƙyas-ƙyas ɗin kwamfuta yawancin dattawan nan ba sa shiri da shi, kuma ban ga laifinsu ba.

In wata rana ka koma wata manhajar, tunanin bai canza ba. A Ableton, Simpler fayil ɗaya take ɗauka, Drum Rack ita ce kamar FPC, Sampler kuma ta masu yawa. A Logic ta masu Mac akwai Quick Sampler tun 2020, in ka saki fayil a ɓangaren Optimized tana gano muryarsa ta datse shirun da kanta. Kontakt ta kamfanin Native Instruments na Jamus ita ce babbar yaya, amma ka sani Kontakt Player ta kyauta ba a gina kayan kiɗa da ita, sai cikakkiyar ta kuɗi. Kafin ka je neman fasasshiya da za ta cika maka laftof da ƙwayar cuta, akwai TX16Wx da Decent Sampler da sforzando, duk kyauta, duk suna buɗewa a cikin FL. Ni sforzando na fi so, saboda tsarin SFZ da take karantawa rubutu ne zalla da za ka yi a Notepad: sunan fayil, sai lokey da hikey su faɗi iyakar maɓallai, pitch_keycenter ya faɗi na asali, lovel da hivel su faɗi ƙarfi, seq_length da seq_position su yi karɓa-karɓa. Kayan da ka gina haka ba ya ɗaure ka da kamfani ɗaya.

Na san bayan kalangu gurmi ko goge za ka nema, don haka ga gargaɗi tun yanzu. Mai gurmi da muryarsa yake ɗaure tsirkiya, ba ruwansa da A ta 440, wato ma'aunin muryar da fiyano ke bi. Tsakanin maɓalli da maɓalli akwai ƙananan rabo 100 da ake kira sent. In ka ga duk kayan ya kauce da sent 30, ka matsar da dukkansu tare da 30 ɗin. Kada ka bi kowane sauti kana tilasta masa ya zauna daram a kan na fiyano, don tazarar da ke tsakaninsu ita ce ɗanɗanon, in ka goge ta ka sami jita mai arha. Goge da algaita kuma sautinsu dogo ne, kana so ya ci gaba muddin yatsanka na kan maɓalli. Nan sai ka zaɓi tsakiyar sautin inda ya natsu, ka sa alamar farko da ta ƙarshe ya riƙa zagayawa, ka murɗa Crossfade har ɗinkin ya ɓace, sannan ka kunna ambulan ƙara, wato saitin tashi da mutuwar sauti, don ya lafa in ka ɗaga yatsa. Mai algaita ka roƙe shi dogon sauti tun a wurin ɗauka, ai yana iya hurawa yana shaƙar iska ta hanci ba tare da ya tsaya ba.

Dattijon nan kuma, ka zauna da shi ka yi masa bayani a fili cewa ba waƙa ɗaya zai shiga ba, hannunsa ne za ka riƙa amfani da shi shekara da shekaru. Ku yi ciniki a kan haka, a rubuta a gaban shaida, ko da rabin takarda ne, a faɗi ko kana da izinin ba wa wasu ko sayarwa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta san da haƙƙin mai wasa, amma ko babu doka, cin guminsa bai dace ba. Yanko kalangu daga waƙar wani kuma, zancen da ake yi wai in bai wuce daƙiƙa kaza ba babu komai, ba shi da tushe. YouTube tana da na'urar da ke gane sautin mutane, ran da ta kama ka kuɗin waƙar wani zai ci.

Saura abin da ya faru a Idi-Araba, wanda shi ne mafi sauƙi. Fayil ɗin aiki na FL, mai ƙarewa da flp, ba ya ɗauke da sautin da ka jawo cikin Sampler. Kwatance ne kawai a cikinsa: kalangu yana folda kaza a kwamfuta kaza. Ka kai kwatancen gidan da babu wannan foldar, dole ya buɗe fayau. Ko a laftof ɗinka ma, in ka canza wa foldar suna ko ka share Downloads, haka za ta faru. Ka shiga File, Export, ka zaɓi wanda ya fara da Zipped, zai tattara aikin da sautukansa a ƙunshi ɗaya, kuma FL tana buɗe ƙunshin kai-tsaye. A Ableton sunan abin Collect All and Save. Sai dai fayilolin da ke cikin Kontakt ko sforzando ba sa shiga ƙunshin, su sai ka kwafi foldarsu da hannunka, kuma dole can ma a sami manhajar. In ba ka da tabbas, ka fitar da layin kalangun shi kaɗai a WAV daga farkon waƙa zuwa ƙarshe ka tafi da shi, wannan ko'ina zai buɗe.

Na WhatsApp ɗin da ke hannunka kada ka share. Ka nemi jimla ɗaya mai daɗi a ciki ka sa ta a buɗe waƙa, dakushewar tata za ta yi kamar daga tsohuwar rediyo take fitowa. Sabon kuma in ka gama shi, ka sa ƙunshin a filashi, ka buɗe shi a laftof ɗin wani a nan Agege ka ji kalangu ya fito, sannan ka hau motar Oshodi ka koma Idi-Araba.